Babi na Shida: Kundin da Bai Fito Ba

A bakin titin da ya ratsa Konduga ya miƙe zuwa Bama akwai wata rumfar cajin waya, irin wadda kowa ya sani: teburin katako, ƙaramin janareta yana ta kuka a baya, wayoyi a jere kowace da lambarta a manne, sai wata tsohuwar kwamfuta da aka lulluɓe da ɗankwali saboda ƙura. Caji kawai ya tsayar da ni. Yaron rumfar, wanda bai fi shekara ashirin ba, ya dubi furfurata ya ce, "Baba, wa'azi za a tura maka ko karatu?" Na ce masa waƙa nake so. Ya yi murmushin wanda ya gano asirin dattijo, ya yaye ɗankwalin.

"To ka zo a sa'a. Sabon albam ɗin su wane shekaranjiya ya shigo."

Ba zan kama sunan mawaƙin da yaransa ba, domin abin kunyar da ke cikin labarin nan nawa ne. Wata uku kafin ranar na rubuta a wata mujalla cewa kundin nasu zai fito da Babbar Sallah. Na ba da sunansa, na ce waƙa goma sha biyu ce a ciki, har na yi wa masu karatu albishir da wata fitacciyar zabiya da za a ji muryarta a waƙa ta uku. Sallah ta zo, aka yi layya, soye ya ƙare a kwano, ba kundi ba dalilinsa. Abin da ya fito shi ne kiran waya daga shugaban ƙungiyar zuwa ga editana, yana tambaya cikin ladabi mai zafi ko wa ya raɗa wa ɗansa suna tun yana ciki.

Sai ga shi yau a Konduga, a fuskar kwamfuta, sunan nan da na buga, ko harafi bai canja ba, da waƙoƙi goma sha biyu cif. Ba zan ɓoye ba, na ji sanyi a raina. Na ce ashe ban yi ƙarya ba, jinkiri kawai aka samu. Na biya naira ɗari biyu, na koma kan benci na kasa kunne. Huɗu tsofaffin waƙoƙinsu ne da aka sauya wa suna. Biyar na wani yaro ne mai kwaikwayon muryar mawaƙin, ya kuwa iya, sai dai numfashinsa gajere ne. Biyu na biki ne, ana ta jero sunayen dangin ango. Ɗaya ce tak sabuwa, ita ma ba a gama ta ba: babu amshi, kuma a tsakiyarta ana jin wani yana cewa a koma daga farko.

Mutanen Konduga ba su ne za a koya wa tantance labari ba. Garin da aka kai wa mummunan hari a Fabrairun 2014, aka tayar da bam a gidan kallon ƙwallonsa a watan Yuni na 2019, ya san abin da jita-jita ke ci. A 2013, bayan an kafa dokar ta-ɓaci, an yi watanni babu layin waya a Borno, labari ya koma tafiya a bakin direbobi. In ka ce wa mutumin nan hanya lafiya take, ba zai ce to ba sai ya titsiye ka. Kai ka biyo ta, ko faɗa maka aka yi? Da ƙarfe nawa? Wanda ya faɗa maka daga Bama ya taso ko daga Yerwa? Duk abin da ake koya wa ɗalibin aikin jarida a shekarar farko yana cikin tambayoyin nan. Amma da zance ya zo kan waƙa sai kowa ya saki jiki, har da ni da nake cin abinci da alƙalami, don ana ganin ba ran da zai salwanta. Rai dai ba zai salwanta ba. Sai dai mutumin da ya yi shekara yana zuba kuɗi a situdiyo zai tarar an riga an sayar wa masoyansa jabu da sunansa, an saurara, an ce muryarsa ta mutu. Zabiyar da na ambata kuma ta sha tambaya a kan aikin da ba a taɓa kiranta a kansa ba.

Rubutu kan kundin da ya riga ya fito yana da wani sauƙi. Ga shi nan, ka saurara, ka ƙirga, gani ya kori ji. Wanda bai fito ba kuwa babu abin gani. Duk abin da ke hannunka maganar mutane ce a kan niyyar wasu mutane, kuma kowane mai magana gefe ɗaya ya sani.

An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Haka ne, amma ranar fitowar waƙa a bakin mai ita alkawari ce. Mawaƙi shi ne majiya mafi ƙarfi a kan abin da yake so ya yi, kuma ba lallai ne ya zama haka a kan abin da zai faru ba. Wizkid ya tsayar da 15 ga Oktoban 2020 don sakin Made in Lagos, sai zanga-zangar EndSARS ta taso, ya ɗage, kundin bai fito ba sai 30 ga watan. Ba wanda ya yi ƙarya a nan, duniya ce ta juya. Dr. Dre a Amurka ya yi fiye da shekara goma ana jiran wani kundi nasa mai suna Detox, mujallu suna ta buga ranaku, daga ƙarshe a 2015 ya ce ya jingine shi, ya saki wani daban. A wajenmu dalilan ɗagewa sun fi haka kusa da ƙasa: Alhajin da ya yi alkawarin ɗaukar nauyi ya daina amsa waya, ko kwamfutar situdiyo ta ƙone da aikin wata shida, ko azumi ya kawo kai aka ga ba lokacin kiɗa ba ne, ko kakar zaɓe ta zo waƙar ɗan takara ta fi kundi kawo kuɗi. A Kano kuma akwai Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i, wadda aka kafa a 2001, kuma batun izininta ba wasa ba ne: a Satumbar 2019 an gurfanar da Naziru Sarkin Waƙa a kotu bisa zargin sakin waƙoƙi ba tare da sun bi ta hannunta ba.

Ko al'adar mawaƙi ba hujja ba ce. Nura M. Inuwa ya yi shekaru yana sakin kundi a farkon sabuwar shekara, har masoyansa suka mayar da abin tamkar kalanda. Marubuci yana da damar ya ce haka ya saba yi. Ranar da ya rubuta cewa haka zai yi bana, alhali bai tambaya ba, ya bar aikin jarida ya shiga duba.

Wanda ya fi kowa sanin waƙa nawa aka gama shi ne mai kiɗa, wannan da ke zaune gaban piyano da kwamfuta har asuba. Sai dai shi bai san ranar saki ba, kuma sau da yawa bai san waɗanda za a zubar ba. Mai raba waƙa a Audiomack da Boomplay da YouTube shi ya san ranar, don shi ya ɗora ta, amma bai san abin da ya sa aka cire waƙa ta bakwai ba. Kowa a tambaye shi abin da ya wuce ta hannunsa. Ni kuskurena shi ne na ɗauki duka huɗun, suna da rana da adadi da baƙuwar murya, daga baki ɗaya, bakin da ko ɗaya daga ciki bai wuce ta hannunsa ba.

A lokacin dai ban ga baki ɗaya ba, huɗu na gani. Shafuka uku na intanet masu kawo labaran mawaƙa sun buga zancen, ga kuma wani saurayi da ya kira kansa makusancin ƙungiyar, wanda ya turo mini fosta ta WhatsApp. Bayan abin ya fashe ne na zauna na jera rubutun shafukan nan uku gefe da gefe. Kuskuren rubutu iri ɗaya ne a cikinsu, a kalma ɗaya, a layi ɗaya. Na farko ya buga da hantsi, sauran biyu suka kwafa kafin la'asar. Na farkon kuma daga fostar nan ya ɗauka. Fostar kuwa saurayin ne ya haɗa ta a wayarsa. Ya taɓa riƙe wa ƙungiyar jaka shekara biyu da suka wuce, yanzu yana da shafin masoya da yake so ya cika da mabiya.

Ban ma iya jin haushinsa sosai ba, domin sana'arsa tsohuwa ce. A da makaɗa ba sa fita sai da sanƙira, mai shiga tsakanin baiti da baiti yana kambama mai waƙa da wanda ake yi wa ita. In sanƙiran Shata ya ɗaga murya ya ce yau ƙasa za ta girgiza, ba wanda ke zuwa duba katangar gidansa. Kowa ya san aikinsa ke nan, kuma an san inda yake tsaye, gefen makaɗa, kowa na ganinsa. Sanƙiran yau yana da shafi mai tambari, yana rubuta "da ɗumi-ɗuminsa" a saman magana, shi ya sa muke ɗaukarsa ɗan jarida.

Allah ya gafarta mini kawo zancen malaman hadisi a babin waƙa, amma a ƙasar Borno nake, kuma ban san waɗanda suka fi su ƙwarewa a wannan fanni ba. Su ba yawan masu faɗa suke ƙirgawa ba. Bin kowace ruwaya suke yi baya, mutum bayan mutum, in duk suka haɗe a kan mutum guda sai su ce ruwayar nan gariba ce, komai yawan bakunan da suka ɗauke ta daga baya. Sun bambanta mai cewa "na ji da kunnena" da mai cewa "daga wane". Suna da suna na musamman, tadlisi, ga wanda ya ɓoye raunannen mutumin da ya karɓo daga gare shi don maganarsa ta yi kwarjini. Duk lokacin da na karanta "wata majiya mai tushe ta shaida mana" a labarin mawaƙi, kalmar nan ce ke faɗo mini. Akwai inda ɓoye majiya ya zama dole, inda faɗin suna zai jawo wa mutum kora ko abin da ya fi kora. Sunan kundin waƙa ba ya cikin wannan. In mutum ya ƙi a ambace shi a kan ranar fitowar albam, akwai yiwuwar bai san ranar ba ne.

Manyan jaridu ma ba su tsira ba. Da Maurice Jarre, Bafaranshen da ya yi kiɗan fim ɗin Lawrence of Arabia, ya rasu a Maris na 2009, wani ɗalibin jami'a a Dublin mai suna Shane Fitzgerald ya ƙirƙiri wata magana mai daɗin ji ya liƙa a shafin mamacin na Wikipedia, wai shi ya faɗa. So yake ya ga ko 'yan jarida za su bincika. Jaridar Guardian ta Ingila na cikin waɗanda suka buga ta a ta'aziyyarsa. Ba wanda ya farga sai da yaron ya tona kansa bayan kusan wata guda. Abin tsoron a nan shi ne da ya yi shiru, jaridar ce za ta koma hujjar Wikipedia, ƙarya ta haifi uwarta. A 2025 kuma aka yi wadda ta fi wannan. Wata ƙungiya mai suna Velvet Sundown ta ɓulla a Spotify ta tara masu sauraro, alhali ba mutum ko ɗaya a cikinta, ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa kiɗan da muryar da hotunan. Wani mutum ya fito ya ce shi ne kakakinsu, mujallar Rolling Stone ta yi hira da shi ta buga, daga baya ya ce ba abin da ya haɗa shi da su. Ƙungiyar bogi, kakakin bogi.

Shuɗin makin da ke gaban suna a shafukan sada zumunta ma ya rage daraja tun da X da Meta suka fara sayar da shi. Na fi yarda da duba tarihin shafi, wanda Facebook ke nunawa: yaushe aka buɗe shi, sau nawa ya canja suna. Shafin da bara yake tallan atamfa bana ya koma na mawaƙi ya gama ba da amsa. In kuma wani ya kira ni ya ce shi ne manajan wane, nakan yi godiya, in kashe, in nemi lambar manajan ta wata hanya daban in kira da kaina.

Kada a ɗauka ina raina rumfar caji ne. Ba na raina ta, kuma dalilina wani bahagon makaɗin jita ne daga jihar Tawa a Nijar, Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008. Da harshen Abzinawa ya rera, amma duk wanda ya saurara zai ji ƙamshin waƙoƙin finafinan Hausa na lokacin, da irin muryar nan da na'ura ke lanƙwasawa. Ba kamfanin da ya sake shi a lokacin. Daga memori zuwa memori ya yi ta tafiya, ta Bluetooth, har ya tsallaka Mali. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai tattara waƙoƙin cikin wayoyin mutane, ya ci karo da ɗaya daga ciki. Da ya tashi fitar da tarin da ya kira Music from Saharan Cellphones a 2011 ƙarƙashin Sahel Sounds, bai wadatu da sunayen da ke kan fayil ba, sai da ya bi sawun masu waƙoƙin don a san na wa ne a kuma biya su. Memori ya tabbatar masa da abu ɗaya, cewa waƙar tana nan kuma mutane na son ta. Sauran duk sai da ya nema a wani wurin. Haka rumfar Konduga take: shaida ce ta gaskiya a kan abin da ake ji a gari, har ta kan riga gidan rediyo sani. Sunan da ke kan fayil kuwa na wanda ya taɓa shi a ƙarshe ne.

Labarin Mdou yana da wani darasi a gaba. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum a Yamai, lokacin ƙungiyar Mdou tana yawon wasa a Amurka, aka rufe iyakoki, suka maƙale a can. Da kamfanin Matador ya sanar da sabon kundinsu, Funeral for Justice, wanda ya fito 3 ga Mayun 2024, cike da zafin magana kan Faransa da halin da Afirka ke ciki, abu mafi sauƙi ga marubuci shi ne ya ce martani ne ga juyin mulki. Labarin ya zauna daram, har ya yi kyau da yawa. Amma an riga an ɗauki waƙoƙin kafin juyin mulkin. Wanda zaman maƙalewar ya haifa shi ne na bayansa, Tears of Injustice, da suka sake rera waƙoƙin da kayan kiɗa marasa lantarki, ya fito a 2025. A nan ba majiyar ƙarya ce za ta kayar da kai ba. Kowace gaskiya tana wurinta, juyin mulki ya faru, kundi ya fito, kai ne za ka ɗaura musu auren da ba su nema ba. Maganinsa tambaya ce ƙarama, wadda mutumin Konduga ke yi wa direba: da ƙarfe nawa?

Hausa ta ba mu wata kalma mai harafi uku da ta fi rabin ƙa'idojin aikin jarida amfani: wai. Tsohuwa a tsakar gida in ta ce "wai za a yi bikin bayan Sallah", ta sanar da kai labari, ta kuma sanar da kai cewa ba ta ɗauki nauyinsa ba. In ta ce "uwar amarya ta ce mini", ta miƙa maka wanda za ka kama. In ta ce "na ga katin", magana ta ƙare. Mataki uku, kuma ba ta taɓa haɗa su. Mu ne masu rubutu muke jin kunyar "wai", muna ganin ta rage wa labari ƙarfi, sai mu goge ta mu bar "zai fito" tsirara. Ni yanzu in na rubuta kan kundin da ke tafe, jimlar takan yi tsawo ta yi muni: mawaƙin ya faɗa a hirar da aka yi da shi ranar kaza cewa yana sa ran saki bayan Sallah, mai kiɗansa ya ce mini an gama takwas, ba a tsayar da suna ba tukuna. Editoci ba sa son irinta, ba ta shiga kanun labari. Na kan bar su su yanke ko'ina ban da "ya ce" da ranar da ya ce.

Gyaran da muka buga a fitowa ta gaba layi huɗu ne a ƙasan shafi, kusa da tallan maganin basir. Kundin gaskiya ya fito bayan wata biyar, da wani suna daban, waƙa tara, ba zabiya.

Amma a ranar nan ta Konduga duk wannan bai faru ba tukuna. Na cire abin sauraro daga kunne, na koma wurin yaron. Na ce, "Ɗana, wannan ba albam ɗinsu ba ne. Wa ya ba ka?"

Ya ce ogansa ne ke kawowa daga Maiduguri duk mako, shi ma a wajen masu tura waƙa na kasuwa yake ɗauka.

Na ce, "To sunan fa? Su ba su sa masa suna ba har yanzu."

Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa tsohon da zamani ya wuce. Ya zaro wayarsa daga aljihu, ya yi ta shafa fuskarta, sannan ya miƙo mini. Hoton shafin mujalla ne, an ɗauke shi a karkace, yatsan wani ya rufe kusurwa ɗaya, daidai inda sunan marubucin yake.

"Baba, ba zancen Facebook ba ne wannan," in ji shi. "A takarda aka buga. Karanta ka gani."

Na karanta har ƙarshe, ko da yake na san abin da ke ciki. Na mayar masa da wayarsa, na tambaye shi ko tawa ta cika.